Geron Indiya a Gonar Mushe Dauda

Haidarabad, Indiya
22 ga Maris, 2023

Zuwa ga Kawu Dauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Hindu da duk mutanen Urafane. Yaya gwiwar taka? Yayana Nasiru ya kira ni daga garinmu Sarkin Hausa, ya ce har yanzu a zaune kake salla. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, in ban da barkonon mutanen nan da ya hana cikina sakat.

Da hannu na rubuta kamar yadda ka sharɗanta. Zan ɗauki hotonta in tura wa Lamine a shagonsa na salula a Tasawa, ya fitar maka da ita a takarda. Don Allah kada ka bi ta da jan biro, shekara ashirin ke nan da barina ajinka.

Kawu, abin da zan faɗa maka ba za ka yarda ba. Gero ya yi daraja a duniya! Indiya ce ta kai maganarsa Majalisar Ɗinkin Duniya, har aka sa wa bana suna shekarar gero. Makon jiya aka kai mu babban birni wani taro, ni ina yi wa baƙi masu jin Faransanci tafinta. Da idona na ga manyan mutane cikin kwat suna cin biskit ɗin gero suna gyaɗa kai, kamar jiya aka halicce shi. Na tsaya baki buɗe, ina tuna furar da nake ɓoyewa a makarantar Maraɗi don kada 'yan birni su yi mani dariya.

Ba su ɓoye abin da suke nema ba. Malamin da ke duba aikina ya ce ƙasarsu ta gaji da tsayuwa bakin ƙofa manya na yanke shawara a ciki. Abokai suke nema a Afirka, shi ya sa suke ba da bursu ta karatu kyauta irin tawa, da magani, da iri.

Irin ne ya sa na rubuto. Akwai wani furoje, wato shirin taimakon manoma, da zai raba sabon geronsu ga manoma kaɗan a wajenmu don gwaji, na sa sunanka. Za a kawo maka tiya biyu kafin ruwan shuka. Amma ka riƙe wannan da kyau: haɗa gero kala biyu aka yi aka samo shi, ƙarfinsa na damina ɗaya ne. Abin da ka girbe na ci ne. Kada ka cire iri daga cikinsa, kada ka ba kowa ya shuka.

A gaida Inna Hindu, a ce mata ina mafarkin furarta.

Ɗiyarka,
Sa'adatu

*

Urafane
19 ga Oktoba, 2023

Ɗiyata Sa'adatu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo tun bazara, kuskure uku na samu a ciki, na yafe. Gwiwa da sauƙi, Hindu tana nan da surutunta. Kakarki Iya Nasiba, wadda ubana ke kira yaya, da tana raye ta ji ɗiyar ɗiyarta na yi wa manya tafinta a Indiya, da ta yi guɗa har Mayahi. Na ƙi ba ki amsa ne sai na ga abin da geronku zai yi, don ban saba yabon ɗalibi kafin jarrabawa ba.

To, Sa'adatu, na ga abin mamaki. Da ya fito gari ya yi mani dariya. Gajere ne, da ƙyar ya kai ƙirjina, ga zangarniya ba ta wuce kamu ɗaya ba. Maƙwabcina Danda, da har yau yake ce mani Mushe yadda ake kiran malamin boko a nan, ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Mushe, wanga hatsi naka yunwa shika ji ko ƙishirwa?" Sai ruwa ya ɗauke mana tun farkon Satumba. Zango, dogon geronmu na gado, yana cikin fure ya tsaya cak, shi kuwa ɗan gajeren nan ya riga ya nuna, tsaba cike dam, ko yatsa ba ya shiga. Inda na saba ɗaure dami goma sha biyu, talatin da ɗaya na ɗaure. Na zauna bakin gona na sake ƙirga su. Masu dariya suka dawo kallo, har daga Hawandawaki mutane suka zo a kan babur. Yanzu Ɗan Indiya ake ce masa.

Kafin girbi na bi gonar da kaina, na yanke zangarnun da suka fi cika, na ɗaure su daban na rataye a ƙoƙuwar rumbu, yadda ubana ke yi. Na je Tasawa in ji ko baɗi za a sake kawowa, na tarar buro ɗin furojen, wato ofishinsu, a kulle, mai gadi ya ce na shekara guda ne, sun tashi. Ke da kike kusa da su, ki tambayar mani.

Labarin ƙasa kin ji shi. Iyaka a rufe, kaya sun yi tsada, rediyo ba ta da zance sai wa ya tafi, wa zai zo. Shekara talatin da biyu ina koya wa yara taswirar da Faransa ke tsakiyarta. Ban taɓa zaton daga Indiya rumbuna zai cika ba.

Kawunki,
Dauda

*

Haidarabad
28 ga Janairu, 2024

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan sanyin bana bai tayar maka da gwiwa ba. Ka yafe mani daɗewa, wata biyu muka yi a ƙauyukan wata jiha can yamma muna aunon gonaki. Kawu, rairayi ne irin namu, har raƙuma da amalanke. In ba don rawunan mazansu masu launi ba, sai in ce hanyar Sarkin Hausa nake.

Takardarka a tsaye na karanta ta cikin jirgin ƙasa, mutane na matse ni ta ko'ina. Da na kai kan dami talatin da ɗaya na yi ihu har wata tsohuwa ta riƙe mani hannu. Talatin da ɗaya! Na fassara wa malamina wurin, ya sa na maimaita sau biyu, ya ce gonarka za ta shiga rahoton da za a nuna wa baƙi daga Afirka. Ka ga sunan Urafane zai hau allo a gaban jakadu.

Mutanen nan ba da wasa suke ba. Ka ji a rediyo yadda a taron manyan ƙasashe ashirin da aka yi a nan aka ba Tarayyar Afirka kujera. Ranar ɗaliban Afirka da ke gidan kwananmu har rawa muka yi. Wani ɗan Mali ya ce mu bi a hankali, duk mai ba ka kujera yana son ka ɗaga masa hannu ranar ƙuri'a. Na ce masa ai waɗanda suka gabata ko tabarma ba su ba mu ba. Ni dai na ga abin da suka yi wa ƙauyukansu, a kowace kasuwar mako akwai mai shagon iri, manomi ya saya sabo kowace damina.

Rubutun digirina ya sha mani kai, wataƙila ka jima ba ka ji ni ba. A gaida Inna Hindu da Danda mai tsokana.

Sa'adatu

*

Urafane
17 ga Yuni, 2024

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Hindu ta yi zazzaɓi kwana huɗu ta tashi. Allah ya ba ki sa'ar rubutun da ya hana ki tuna mu.

Albishirinki. Shekaranjiya aka yi ruwan shuka mai kyau, jiya gari ya fita gona. Na ɓoye miki wani abu ne don in ba ki mamaki: gida ashirin da uku suka shuka Ɗan Indiya bana, kuma duk daga rumbuna ya fito.

Tun kaka ake sallama a ƙofata. Kin san garin nan, ana iya hana mutum aron jaki, amma wanda ya zo da ƙwarya neman iri ba a mayar da shi hannu wofi, ko da ba kwa ga maciji. Haka muka tarar. Da zangarnun da na rataye suka ƙare, sai na buɗe rumbun na riƙa zaɓo masu kyau ina bayarwa. Kowa ya karɓa ya yi mani addu'a har da ke. Danda ya fi kowa murna. Gona ɗaya gare shi da bakin ci tara, ya shuke ta kaf da shi. Tsohon irinsa ma tun azumi suka daka suka sha, tunda ya san ga wanda ya fi shi.

Ban manta da kashedinki na bara ba. Na juya shi a raina, na ga irin dokar 'yan kamfani ce, masu son a dawo gare su kowace shekara. A nan kuwa babu wanda za a koma wa, tambayar da na ba ki ma ba ki amsa ba. Kuma na rubuta miki ƙarara cewa na rataye zangarnu, kika yi shiru, na san kin sauko. Tun ina ɗan shekara goma nake zaɓen iri da ido, zangarniya mai kyau ba ta taɓa haifa mani mummuna ba.

Ni gonar kusa na sa shi. Ta nesa Hindu ta kafe sai zangonmu na gado, wai furarsa ta fi, karansa kuma ya fi yin darni. Na bar ta don a zauna lafiya.

Ki gaya wa malaminki ya gyara rahoto, yanzu ba gona ɗaya ba ce.

Dauda

*

Haidarabad
23 ga Yuni, 2024

Kawu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ka, ina yi wa Inna Hindu sannu. Gida ashirin da uku, Kawu?

Na ɗauko takardarka ta Oktoba na sake karantawa, ga layin nan a fili. Wallahi idona tsallake shi ya yi, murnar damin ta rufe mani ido, tambayarka ma na bar ta ban kai ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma shiruna ba yarda ba ce, kuma maganar ba dokar kamfani ba ce.

Ka saurare ni kamar yadda na saurare ka shekara shida a aji. Kyawun zangarniyar da ka gani na uwa da uban da aka haɗa ne, a 'ya'yan farko kaɗai yake tsayawa. Jikokin rarrabuwa suke yi. Wani zai yi tsawo, wani gajere, wani ya nuna yau, wani bayan sati uku, tsuntsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ciwo zai kama su in ruwa ya yi yawa. Ido ba ya ganin wannan a jikin tsaba, ko idon wa. Na fassara wa malamina takardarka, ya dafe kai, ya ce haka aka yi a ƙauyen ubansa yana yaro, shekarar suka sayar da shanu. Na tambaye shi sabon iri, ya ce furojen ya koma wata ƙasa, ko an samu ba zai iso ku bana ba.

Akwai sauran lokaci, amma kaɗan ne. Na yi magana da Nasiru, ya ware buhu biyu na zangon gidanmu a Sarkin Hausa, da wake. Ka aika amalanke a ɗauko. Duk wanda ya sake shuka tsakanin layuka kafin sati biyu zai tsira da wani abu. Sai dai ba wanda zai taɓa gonar da ta tsiro don na faɗa, ni yarinya ce a wurinsu. Kai za su ji. Ka tashi ranar Juma'a bayan salla ka ce an gargaɗe ka tun farko, irin nan ba na maimaitawa ba ne. Na san nauyin abin da nake roƙo. Ka fara da Danda, shi ba ya da wata gonar.

Na ce Lamine ya kawo maka wannan da kansa gobe, kada ya jira ranar kasuwa.

Sa'adatu

*

Urafane
30 ga Yuni, 2024

Sa'adatu,

Muna lafiya. Lamine ya kawo takardarki a kan babur, har mutane suka zaci rasuwa aka yi.

Yau da safe na zaga gonakin. Shuka ta fito kore shar, babu gurbi ko ɗaya, na daɗe ban ga tsiro mai kyau haka ba. A kan wannan kike so in tashi a masallaci, ni da na koyar da rabin masu sahun gaba, in ce na raba musu abin banza ina sane? Wa ya taɓa jin gero ya haifi abin da ba shi ba? Ke da malaminki a takarda kuke noma. Wataƙila a ƙasarsu haka yake, nan ƙasarmu ce.

Abin da ya fi ɓata mani rai shi ne Nasiru. Ban aika ba, sai ga shi da amalanke da buhuna a ƙofata tsakar rana. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya juya da kayansa, gidan nan ba a fara bara ba tukuna.

Ku kuka yi ta yabon mutanen nan, kujera, jakadu, allo. Yanzu da abin nasu ya karɓu kuma kin dawo kina tsorata ni. Mu bar wa Allah, kaka za ta raba mu.

Dauda

*

Urafane
24 ga Oktoba, 2024

Ɗiyata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Takardunki uku na Yuli da Agusta duk sun zo, suna cikin akwati, ban amsa ba don ba ni da bakin amsawa. Jikina lafiya, abinci ne ba ya shiga.

Ruwa kam an yi bana har ya yi yawa. Duk wanda ya shuka zangon gado ya cika rumbu, gonar Hindu ta nesa ba ta taɓa ba mu irin na bana ba. Saboda haka ba wanda zai ce damina ce.

Tun Agusta na fara gani. Gona ɗaya, amma kamar an tara yaran aji ɗaya zuwa shida a layi guda, wani ya wuce kaina, wani bai kai gwiwa ba. Wasu zangarnun maimakon tsaba sai suka fitar da ganye. Masu saurin nuna tsuntsu ya cinye su kafin sauran su yi ido. Duk abin da kika rubuta, haka ya zo bi da bi. Duk gonar mutane da na shiga haka na tarar. A lokacin ko na yi magana shuka ta wuce, sai na ci gaba da yin shiru, na ce wa kaina ai babu amfani. Masu gona biyu sun rage asara. Danda dami shida ya ɗaure, inda ko a mummunar shekara yana samun ashirin.

Na zauna jiran zagi. Na so a zage ni, Sa'adatu. Ba wanda ya zo, kowa na cewa haka Allah ya so.

Jiya da hantsi ina zaune a zaure sai ga Danda. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Mushe, haƙuri na zo in ba ka. Iri mai albarka ka ba ni, kowa ya ga abin da ya yi gonarka bara. Hannuna ya shiga ya lalace. Na yi ta tunani, ko noman hwari ne ban yi da wuri ba, ko wani zunubi ne gare ni. Na ɓata ma ɗiyarka suna wurin mutanen da sunka yarda da ita. In ka rubuta mata, ka ce ta yahe mani."

Ni ya zo ba haƙuri. Mutumin da 'ya'yansa za su ga ƙasan rumbu kafin sanyi ya fita.

Na tashi na buɗe akwati, na ɗauko takardarki ta Yuni da ta farkon, na karanta masa su da ƙarfi, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har inda kika ce in fara da shi. Na gaya masa zancen Nasiru da buhunan da na mayar. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Wagga ta biyun, yaushe ta zo?"

Na ce kwana takwas bayan shuka.

Ya ƙirga da yatsunsa, ina kallonsa, ya ga da sauran lokaci a ranar. Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, hularsa a hannu.

Da la'asar na sa aka kai masa dami goma daga gonar Hindu. Matarsa ta karɓa, don yara. Shi bai fito ba, da magariba kuma ya canza sahu.

Ki gaya wa malaminki ban riƙe su da komai ba, sun faɗi gaskiya tun farko ta bakinki. Amma in za su nuna Urafane a allo, su nuna shekara biyun duka, kuma duk inda za su kai irin nan su tambaya ko akwai inda manomi zai samo sabo.

Gobe Juma'a. Na riga na gaya wa liman ina da magana bayan salla, takardunki biyu suna aljihun rigar da zan sa. Yanzu zan ba mai babur wannan ya kai wa Lamine, don in ta bar hannuna na san ba ni da hanyar fasawa.

Kawunki,
Dauda